Farfesan Tuwo da Ƙafar Ƙaninsa

Duk wanda ya taɓa sa hannu a kwano ɗaya da Yaya Sahabi ya san abin da ke biyo bayan lomar ƙarshe. Zai suɗe yatsunsa tas, ya yi hamdala, ya wanke hannu, sannan ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya kamar wanda aka sace wa akuya. A ƙarshe idonsa zai sauka a kan wanda ya fi kowa tumbi, wato ni, ya nuna cikina da leɓe ya ce, "Tau, ka loda. Ina za shi?" Kafin ka buɗe baki ya riga ya zura takalmi. "Tashi mu taka."

Haba jama'a! Mutum ya ci tuwon shinkafa da miyar kifi, jiki ya yi laushi, tabarma tana kiransa da sunansa na yanka, sannan a ce ya tashi ya taka? Amma haka muka rayu da shi, kuma ku da kuka san shi kun san ba ƙari na yi ba.

Ku ɗalibansa kuka matsa sai na sa wani abu a littafin nan na tunawa da shi. To ga ni. Ni ne Garba, ƙaninsa ciki ɗaya, mai injin casar shinkafa a Birnin Kebbi. Abin da ya rubuta a takardunsa na Turanci ku kuka san shi, ni ko a mafarki ban taɓa karanta ɗaya ba. Abin da na sani shi ne ya ƙarar da rayuwarsa a jami'a yana bin sawun loma daga baki har inda take ƙarewa, yadda jiki ke mai da abinci ƙarfi, ko kitse, ko ciwo. Mutanenmu na Argungu ba su da lokacin dogon bayani, sai suka sa masa Farfesan Tuwo. Bai taɓa jin haushin sunan ba. Abin da ke ɓata masa rai shi ne a kawo masa ciwon baya ko na haƙori. "Ni ba likita na ba!" zai ce. "Likita gyaran mota shika yi. Ni so nike in san inda man ka tahiya."

Dalilin da ya sa ya fi matsa mini kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ciwon suga ne ya ci ƙafar mahaifinmu kafin ya kai shi kushewa. Da aka zo rabon gado Yaya ya ɗauki ƙwaƙwalwar Baba, ni na tashi da tumbin da ciwon. Tun ranar da aka gwada jinina aka ce akwai suga, Yaya ya daina kallon fuskata in mun gaisa, ƙafafuna yake kallo.

Bari in fara da ranar da ya kusa kashe wa ɗana Nasiru aure.

Mun je Argungu neman auren yarinyar, Yaya ne babbanmu, maganar a bakinsa take. Baffan yarinyar, Malam Haliru, dattijo ne mai jiki kamar ni, mai son a yi komai a tsanake. Ba a shiga magana ba sai da aka fito da abinci: tuwon shinkafa fari sol, miyar giwan ruwa, ga hura da nono a gefe. Muka ci muka yi nak. Malam Haliru ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ce, "Tau, Farfesa, muna saurare."

Yaya ya miƙe. Bai ce uffan ba, ya sa takalmi, ya fice daga zaure.

Wayyo Allah! Kun san abin da hakan ke nufi a wurinmu. Babban masu neman aure ya ci tuwonka, ka ba shi magana, ya tashi ya fita bai tanka ba? Ai an fasa ke nan, kuma fasawar wulaƙanci. Kafin in haɗa kalma biyu labari ya shiga cikin gida, muka fara jiyo salatin mata. Malam Haliru ya tattare babbar riga ya bi shi a guje, ni ma na bi su ina haki.

Yaya kuwa tafiya yake kamar wanda zai kama mota, ya nufi bakin gulbi. Malam Haliru na bayansa yana kira, "Farfesa! Don girman Allah tsaya! Mi munka yi maka?"

"Tuwo kunka yi," in ji Yaya, ko waiwaye bai yi ba.

"Bai yi daɗi ba?"

"Ya yi daɗi ƙwarai, shi as sa nic ci da yawa. Ɗaga ƙahwa, Malam, kai ka hi ni ci."

A kan hanyar nan aka nemi auren, a kan hanya aka bayar, Malam Haliru na amsawa da guntun numfashi. Da muka dawo, gumi sharkaf, ya faɗi a tabarma ya dube ni ya ce, "Alhaji Garba, na ba ku ɗiyar. Amma ranar ɗaurin aure a hwara da Fatiha, sannan a ba wanga mutum abinci."

Sai maganar ɓeraye. Wata shekara aka shiga dogon yajin aiki a jami'a, aka rufe ɗakunan bincike, babu wuta babu mai kula. Yaya ya lodo kejin fararen ɓerayensa a tsohuwar motarsa ya kawo su gidansa na Gwadangaji, ya jera su a ɗakin baƙi. Matarsa Hajiya Luba ta leƙa, ta ja da baya tana tafa hannu.

"Malam, mi nika gani haka?"

"Baƙi na, Luba."

"Ɓeraye na!"

"Awo, amma masu aikin gwamnati na. Kowane da lambatai."

"Oh ni Luba! Duniya na sayen maganin ɓera, mu muna dahwa ma ɓera abinci!"

Abincin kuwa daga injina yake fitowa. Yakan zo ya ɗebi farar shinkafar da na fi alfahari da ita, wadda aka goge har tana ƙyalli, ya kuma ɗebi mai dusa-dusa wadda ni ko baƙon da ba na so ba zan ba. Wasu ɓerayen ya ba su wannan, wasu waccan. Wasu ya sa musu wata 'yar taya da suke shiga suna gudu a ciki. To akwai wani ƙato a cikinsu, an ba shi farar shinkafa, an ba shi taya. Ya cinye shinkafar, ya shiga tayar, ya miƙe ƙafa ya yi barcinsa. Yaya ya daɗe yana kallonsa, sannan ya soke lambarsa ya raɗa masa suna Alhaji Garba.

Sunan ya bi gida. Hajiya Luba da ta rantse ba za ta taka ɗakin ba, ita ce ta koma tambayar, "An ba Alhaji Garba ruwa?" In na je gaishe su sai ta ce, "Shiga ka gaida takwaranka, shina nan kwance yadda kas san shi."

Wata safiya sai ga Yaya a injin, fuska a murtuke. Ya zauna a kan buhu ya sunkuyar da kai.

"Lahiya, Yaya?"

"Gaisuwa niz zo maka. Takwaranka ya riga mu."

Na ce, "Assha. Allah shi ba ka haƙuri, kai ad da rashi."

"Na buɗe shi," ya ce. "Hantatai duk kitse. Halinku guda, ga taya an ba shi, shi kau ya maishe ta gado." Ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Shi dai ya gama nashi. Kai da ka saura, tashi mu taka."

Ku ɗalibai kuwa, ai ba sai na tuna muku wahalar da kuka sha a hannuna ba. Yaya yana da doka: duk wanda ya gama bincikensa, kafin ya tsaya gaban manyan malamai, sai ya zo injina ya yi mini bayanin aikin da Hausa zalla, ba ko kalmar Turanci. Yakan ce, "In Garba ya gane, kowa ya gane." Kun ji fa irin yabon da ɗan'uwa ke yi wa ɗan'uwansa! Sharaɗin kuma, in na yi gyangyaɗi ɗalibi ya faɗi, ya koma ya sake shiri. Ni kuwa gyangyaɗin bayan azahar ba sai an roƙe ni ba. Na ga masu gemu suna fita daga injin nan kamar za su yi kuka.

Wadda ba zan manta ba ita ce Ngozi, 'yar Oga Emeka mai kayan gyaran mota a unguwar Nasarawa. A nan aka haife ta, Kabancinta, wato Hausarmu ta Kebbi, ya fi nawa gishiri. Zuwanta na fari ta fara da wasu sunaye masu tsawo kamar addu'ar biri, ban san inda ta tsaya ba, sai farkawa na yi na ga Yaya na nuna mata ƙofa. Ta yi ta zuwa ina ta barci. Rannan ta shigo ba takarda a hannunta, ta tsaya a bakin sitona ta ce:

"Baba Alhaji, motar shinkahwa ta iso, an sauke buhuna bisa titi. Sito na kulle. Makullin ya cinye, sai an yi ta hwama kahin shi buɗe. Ga wata mota ta taho, ga wata bayanta."

Na gyara zama. "Subhanallahi! Kayan wa?"

"Naka. Tuwon da kac ci na, ya zama suga, ya tare hanya cikin jini. Makullin da jiki ka buɗe ma suga ƙohwa da shi, naka ya gaji. Amma naman ƙahwa kamar lebura na. In sunka tashi aiki, akwai ƙaramar ƙohwa ta baya da suka iya buɗewa da kansu su kwashi kaya, ba su jiran makulli."

Ban san sanda na miƙe tsaye ba. "Tau a tada leburan mana! A bar min kaya bisa titi ruwa shi taɓa su?"

Sai muryar Yaya daga bayan buhuna: "Ta ci. Garba ya gane." Ya fito yana murmushi har kunne, sannan ya juyo kaina. "Kai kau tunda ka gane, ga leburan nan ƙarƙashinka. Tashi."

Yau Ngozi farfesa ce, kuma an ce mini nata ɗaliban wurin mahaifiyarta take tura su a kasuwa. Wani a Sakkwato mai shayin bakin jami'a yake tura wa nasa. Wato cutar ta yaɗu. Duk ɗalibin da aka tura ya yi wa wani mai barci bayani, ya sani a kaina aka fara, kuma ban ce a yafe mini ba.

Sau ɗaya tak na ji Yaya ya ce in zauna, kuma ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Wani ɗan ƙusa ne ya soke ni a babban yatsan ƙafar hagu. Abu kamar wasa, ya ƙi warkewa, ni kuma ban ma cika jin zafinsa ba. Muna alwala a masallacin Juma'a ya hango. Ya bar butarsa, ya durƙusa a gaban mutane, farfesa guda da furfurarsa, ya kama ƙafata yana jujjuyawa. Ya ɗago ya ce a hankali, "Zamna. Kada ka taka ta." Shi ya tuƙa ni asibiti da kansa. Likita ya duba ya ce da an ƙara jinkiri da sai dai wani zancen.

Makonni ina kwance, kullum yana zuwa ganin wankin ciwon, yana tsare ni sai na sha magani a gabansa. Rannan na gaji, na ce, "Yaya, don Allah ka sarara min. Ƙahwata ta ko taka?"

Ya ajiye maganin a gefe. Sannan ya ce, "Kai yaro kake sanda anka yanke ta Baba, ba a bari ka gani ba. Ni anka miƙa ma ita cikin ƙyalle. Ni nik kai ta maƙabarta nib bizne da hannuna, Baba na kwance asibiti shina tambayata ko an yi mata wuri mai kyau." Ya share fuska da hularsa. "Abin da yak kai ni karatun ga ke nan. Na bizne guda, Garba. Ba ni bizne taka."

Ban taɓa sanin wannan ba sai ranar. Na juya fuska bango na yi kuka, shi kuma ya yi kamar yana karanta takardar maganin.

Da ƙafa ta warke likita ya ce a fara takawa, sai Yaya ya dawo Yayansa, har da ƙari. Kun san shi da maƙo. Takalminsa ɗaya tun ina saurayi, an yi masa ƙasa da tayar mota ya fi a ƙirga, da shi yake zuwa taron masana a ƙasashen waje. In ya dawo, tsarabar Hajiya Luba ita ce jakar da aka raba musu a taron. To wannan mutumin ne ya dawo daga wata tafiya da takalmi sabo fil a kwali, mai laushin ciki kamar auduga, irin na masu suga, ya ajiye a gabana. Hajiya Luba ta riƙe haɓa. "Shekara da shekaru ni jakar taro, Garba takalmi! Halan shi ka aura?"

Bai tsaya nan ba. Ya bi 'yan Keke Napep na unguwarmu ta Badariya ɗaya bayan ɗaya ya yi musu huɗuba. Na fito bayan abincin rana in koma inji, na tsai da keke.

"Alhaji, ka ci abinci?"

"Ina ruwanka da cikina?"

"Farfesa ya ce in ka ci, sai ka taka har kwanar masallaci, mu ɗauke ka can."

"Kai, ni ka biyanka ko Farfesa?"

"Kai na, Alhaji. Amma shi muka jin tsoro."

Haka yaron nan ya ja kekensa a hankali a gabana, ina binsa a baya kamar ragon layya, mutanen unguwa na yi mini sannu. Na yi fushi, na yi rantsuwa, na kai ƙara wurin Hajiya Luba. A banza. Shekaru muka yi a haka, in ya samu sarari ya zo da kansa mu bi inuwar dogonyaro yana yi mini surutun hanta da kitse, in bai samu ba 'yan keke su tsare masa ni.

Shi da bai taɓa zama bayan tuwo ba, shi Allah ya fara kira. 'Yar rashin lafiya ce ta kwana kaɗan, aka yi abin da za a yi, kwana ya ƙare.

Ranar addu'ar uku ƙofar gidansa ta cika maƙil. Kun zo daga Sakkwato, daga Zariya, daga kudu, har da waɗanda suka sauka daga jirgi. Ni ne a tsakiyar tabarma, don ni ne mai karɓar gaisuwa, kuma kowa ya san mai karɓar gaisuwa ba ya barin wurinsa. Aka yi addu'a, aka fito da abinci, aka ci, aka wanke hannu. Sai aka rasa mai cewa a tashi a taka. Na ga manyan farfesoshi suna mutsu-mutsu a zaune kamar tabarmar na cizon su, kowa na satar kallon takalminsa. Farfesa Attahiru, ɗalibinsa na fari, wanda shi ma kansa ya yi fari, ya dube ni, ya dubi takalmina. Malam Haliru na Argungu na gefena, ya sunkuyo ya ce, "Alhaji, ni dai na san hanya."

Karo na farko ke nan da na ci na ƙoshi babu mai tashina. Abin da na yi shekaru ina roƙo ga shi ya samu, sai na ji tabarmar ta ƙi zaunuwa. Na dubi tumbina na ce, "Tau, mun loda. Ina za shi?" Na jawo takalmin nan na kwali na sa.

Gaba ɗaya kuka miƙe. Ngozi ta fito daga cikin gida da sauran ɗalibai mata suka biyo baya. Liman ya duba hagu ya duba dama, ya ga ba kowa, shi ma ya ɗauki sandarsa. An ce mini Hajiya Luba, da takaba ta hana ta fita, tsakar gida ta yi ta zagayawa tana kuka tana dariya. Waɗanda suka zo gaisuwa a makare suka tarar da tabarmi da kwanoni, sai wani ɗan keke ya ce musu, "Ku jira kaɗan, sun tai taka tuwon Farfesa."

Matan suka juya daga bakin titi, mu maza muka zarce har maƙabarta. Na tsaya a kan kabarinsa da ƙafafuna biyu, ta dama da ta hagu, yatsu cif, babu wanda ya ɓace. Na ce, "Yaya, ga ta nan. Ba ka bizne ta ba. Ita tak kawo ni."

Allah ya jiƙan Yaya Sahabi, ya yafe masa kurakuransa, ya sa ilmin da ya bari ya riƙa binsa da lada. Yadda ya tsare mini ƙafa a duniya, Allah ya tabbatar da dugadugansa a kan siraɗi, ya sada shi da Baba a tsaye da ƙafafunsa biyu. Ya Allah ka ba shi gidan da ake ci a ƙoshi ba a tsoron komai, ka shimfiɗa masa tabarma mai laushi, ya zauna ya huta. Amin.